Keke da Tudu: Tarihin Vélocio da Yawon Keke a Duwatsun Faransa

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke ya san cewa nisan hanya bai cika gajiyar da mutum kamar hawan tudu ba. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ko yaro yana iya wuni bisa sirdi. Amma da zarar hanya ta miƙe sama, sai numfashi ya sarƙe, cinya ta ɗauki zafi, a sauka a kama kan keke ana turawa. Wannan al'amari da ake gani kamar ƙarami ne ya haifar da muhawarar da aka yi kusan shekara arba'in ana tafkawa a ƙasar Faransa, tsakanin masu ganin cewa tudu wurin gwada ƙarfin samari ne, da masu ganin cewa kowa yana da hakkin ya hau shi, tsoho ne ko mace ko leburan masaƙa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin muhawarar ta hanyar tarihin mutumin da ya tsaya a tsakiyarta, watau Paul de Vivie, wanda aka fi sani da sunan alƙalaminsa, Vélocio.

Keke Kafin Giya

Keken da Turawa suke hawa a shekarun 1870 ya sha bamban da wanda aka sani a yau. Ƙafarsa ta gaba tana iya kai ƙirjin mutum tsawo, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya ce, feda kuma a jikin ƙafar gaba take kafe, babu sarƙa. Mahayi yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. In ya ci karo da dutse a gangara, da ka yake isa ƙasa. Saboda haka keken ya zama abin hawan samari masu kuɗi da ƙarfin hali. Duk da haka su ne suka fara fita yawon ƙauyuka. A 1878 aka kafa ƙungiyar masu yawon keke a garin Harrogate na Ingila, wadda a 1883 ta ɗauki sunan Cyclists' Touring Club. Cikin ayyukan da aka yi a wancan zamani har da kafa alluna a kan tuddai masu haɗari domin a gargaɗi mahaya. A 1888 kuma majalisar Ingila ta amince cewa keke abin hawa ne mai hakkin bin hanya kamar keken doki.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin. A 1885 John Kemp Starley ya fito da keken Rover a birnin Coventry, mai sarƙa, wanda ƙafafunsa suka yi kusan daidai da juna. A 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sa wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan keke ya sauko ƙasa inda kowa zai iya ɗora ƙafa. Sai dai giyarsa ɗaya ce tak, kuma a nan matsalar tudu ta ɓoye.

Yana da kyau a fayyace abin da ake nufi da giya, domin a kansa gardamar duka ta ta'allaƙa. Keke yana da faranti mai haƙora a wajen feda, da wani ƙarami a ƙafar baya, sarƙa ta haɗa su. Idan na gaba yana da haƙora 48, na baya yana da 16, to duk juyin feda ɗaya ƙafar baya za ta juya sau uku, keke ya ci kamar mita shida da rabi. Wannan yana da daɗi a fili. A kan tudu kuwa, ɗaga nauyin mutum da na keke tsawon mita shida da rabi a taku ɗaya aiki ne na ƙato. Idan aka sa na baya mai haƙora 24, ƙafa za ta juya sau biyu kurum, tafiya ta ragu zuwa mita huɗu da 'yan kai, taku ya yi sauƙi, amma in an sauko fili sai mutum ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafa ba ya gaba. Mai sayen keke a 1890 dole ya zaɓi ɗaya ya haƙura da ɗaya. Gangara ma ba hutu ba ce, domin feda ba ta tsayawa muddin ƙafa tana juyawa, birki kuma ba shi da ƙarko. Wasu matafiya a kan duwatsu har reshen itace suke ɗaurawa a bayan keke yana jan ƙasa domin ya rage musu gudu.

Ɗan Kasuwar Siliki

An haifi Paul de Vivie ran 29 ga Afrilu 1853 a garin Pernes da ke lardin Vaucluse a kudancin Faransa. Ya yi karatun Latin da Girkanci, kuma har ƙarshen rayuwarsa bai rabu da littattafan mutanen da ba. Ya koyi cinikin siliki a Lyon, sa'an nan ya zauna a Saint-Étienne, birnin kwal da ƙera bindigogi da saƙar ƙyallen ado. Birnin yana kwance a gindin duwatsun Pilat, ta yadda duk wanda zai nufi kudu daga cikinsa sai ya hau. A 1881, yana da shekara 28, ya sayi kekensa na farko, irin mai doguwar ƙafar nan. Harkar siliki ta kai shi Ingila, ya ga masana'antun Coventry, ya kuma ga yadda ƙungiyar masu yawon keke take aiki. A 1887 ya bar siliki, ya buɗe shagon sayar da kekunan Ingila, ya kuma fara buga wata mujalla wadda daga 1888 ake kira Le Cycliste. A 1889 ya fara ƙera nasa keken, ya sa masa suna La Gauloise.

A wannan shekara ne kuma ya ƙirƙiro kalmar cyclotourisme, ya haɗa kalmar keke da ta yawon buɗe ido. Masu nazarin harshe sun san cewa sana'a ba ta tsayawa da ƙafarta sai ta sami suna. Kafin wannan kalma, mai keke a idon jama'a ɗan tsere ne ko ɗan wasa. Bayan ta, sai aka sami wani rukuni na daban: mutumin da ya hau keke domin ya je wani wuri ya gani da idonsa ya komo. Vélocio ya yi ta kira a mujallarsa da a kafa ƙungiya irin ta Ingila, kuma a 1890 aka kafa Touring Club de France. Ƙungiyar ta kafa alamun hanya, ta kuma matsa wa masu masaukin baƙi na ƙauyuka su tsabtace ɗakunansu. Masaukan nan da yawa sun yi rashin ciniki tun da jirgin ƙasa ya kwashe matafiya daga manyan hanyoyi, masu keke ne suka fara komo musu da baƙi.

Mashigin République

Kudu da Saint-Étienne hanya tana hawa cikin wani daji mai dogayen itatuwa har ta kai wani mashigin dutse da ake kira Col de la République, ko Col du Grand Bois, mai tsayin mita 1,161 daga matakin teku. Birnin kansa yana wajen mita 500, watau ke nan akwai hawan da ya haura mita 600 tsakaninsu. Wannan hanya ita ce makarantar Vélocio, ita ce kuma ɗakin gwajinsa. Ana ba da labari cewa wata rana yana fama da hawan nan bisa babbar giya, sai wani mai karanta mujallarsa ya wuce shi a hankali bisa ƙaramar giya, yana zuƙar lofe. Labari irin wannan yakan yi ado a bakin masu ba da shi, amma tambayar da ke cikinsa ta gaskiya ce: yaya za a yi keke ɗaya ya sami giyar hawa da giyar fili?

Ya gwada dabaru iri-iri, wasunsu abin dariya ne a yau. Ya sa faranti biyu a gaba, in an iso tudu a sauka a ɗaga sarƙa da hannu a mayar kan ƙaramin. Ya yi keke mai sarƙa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. A garin kuma babbar masana'antar bindiga da keke ta fito da Hirondelle irin wanda in aka taka feda gaba ya ba da giya ɗaya, in aka taka baya ya ba da wata, keken kuwa yana ta tafiya gaba. Daga ƙarshe hankali ya koma kan na'urar da take ture sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan ana cikin tafiya, wadda Faransawa suke kira dérailleur, ma'ana mai kauce wa layi, kamar yadda jirgin ƙasa yake gocewa daga kan dogo.

Sau da yawa akan ce Vélocio ne ya ƙago wannan na'ura. Maganar tana bukatar gyara. Akwai Ingilishi da suka yi rajistar dabaru masu kama da ita tun a shekarun 1890, kuma shi kansa ya san su ya gwada su. Wanda ya mayar da ita hajar sayarwa a yankinsa kuwa almajirinsa ne, Joanny Panel, mai keken Le Chemineau, sa'an nan Albert Raimond ya fito da Cyclo a 1924. Abin da Vélocio ya yi ya fi ƙirƙira wuya: ya yi shekara talatin yana gwaji, yana rubuta sakamako a mujalla, yana amsa masu suka, yana tura makera su gyara. Ba ɗan kasuwa ne na a-zo-a-gani ba, kuma bai yi arziki da abin ba.

Ingila ta bi wata hanya dabam. A 1902 aka yi rajistar giyar Sturmey-Archer mai mataki uku, wadda aka ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya, kuma Frank Bowden mai kamfanin Raleigh na Nottingham ne ya ɗauki nauyin ƙera ta. Wannan shi ne Raleigh ɗin da daga baya kekunansa suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, har Hausawa suka san shi da Rali. Giyar cikin cibiya ta dace da Ingila, ƙasar ruwan sama da taɓo da tuddai marasa tsawo. Amma tazarar da ke tsakanin matakanta ba ta ishi mai hawan kilomita goma sha biyar a jere da kaya a bayansa ba. Ƙasa ce ta zaɓa wa kowace al'umma na'urarta.

Gardama da Desgrange

Babban abokin hamayyar Vélocio shi ne Henri Desgrange, tsohon ɗan tsere, editan jaridar L'Auto, wanda ya kafa tseren Tour de France a 1903. A ganin Desgrange, sauya giya dabara ce ta waɗanda suka haura shekara 45. Namiji kuwa da ƙwanjinsa ya kamata ya ci tudu. Ya bayyana wannan ra'ayi ne a lokacin da Touring Club de France ta shirya gwajin kekunan tafiya a duwatsun Pyrénées a 1902, inda hanyar gwajin ta bi ta mashigin Tourmalet mai tsayin mita 2,115. A wannan gwaji ne wata mace mai suna Marthe Hesse ta hau Tourmalet bisa keken Gauloise mai giya uku. Ga mutanen Vélocio wannan hujja ce da ba ta bukatar ƙarin bayani.

Abin mamaki, tseren Desgrange ta ƙofar gidan Vélocio ya fara hawan dutse. A zango na biyu na Tour na 1903, daga Lyon zuwa Marseille, 'yan tsere sun bi ta Col de la République, kuma shi ne mashigi na farko da ya haura mita 1,000 a tarihin tseren. A 1904 a wurin ne wasu mutanen Saint-Étienne suka tare hanya kafin gari ya waye domin ɗan garinsu Fauré ya wuce, suka far wa sauran da sanduna, cikinsu har da Maurice Garin, sai da jami'an tsere suka harba bindiga sama kafin taron ya watse. A 1910 Tour ya shiga manyan duwatsun Pyrénées. Octave Lapize, wanda ya ci tseren shekarar, ya taka wani sashe na Tourmalet da ƙafa yana tura keke, ya kuma kira masu shirya tseren masu kisan kai da ya iso Aubisque. Gustave Garrigou da ya hau bai sauka ba har kyautar kuɗi aka ba shi. Shekara takwas ke nan bayan Marthe Hesse.

Abin da aka yarda wa manyan 'yan tsere shi ne faranti biyu a ƙafar baya, ɗaya kowane gefe. In an iso gindin dutse a sauka, a kwance ƙafa, a juya ta, a ɗaure, a ci gaba, ko da yatsu sun ƙage don sanyi. Joanny Panel ya shiga Tour na 1912 a rukunin masu zaman kansu da na'urarsa, amma ƙwararru an hana su.

Adalci ya sa a faɗi cewa Desgrange yana da hujjarsa. Na'urorin farko suna da nauyi, sarƙa tana yawan faɗuwa, taɓo yana toshe su. Sa'an nan yana tsoron kada tsere ya koma gasar kamfanoni maimakon gasar mutane, kuma wannan tsoro ne ya sa a 1930 ya ba manyan 'yan tsere kekuna iri ɗaya masu launin ɗorawa. Kuskurensa shi ne ya auna dukan masu keke da ma'aunin ɗan tsere. Jaridarsa tana da masu karatu dubun dubata, ta Vélocio kuwa 'yar ƙarama ce, saboda haka shekaru da yawa saurayi yana jin kunyar a gan shi da giya, kamar wanda aka kama da sandar dogarawa.

Yadda Suke Tafiya

Mutanen da suka taru a kewayen Vélocio ana kiran su makarantar Saint-Étienne, ko da yake ba su da aji ba su da rajista. Akasarinsu ma'aikata ne da 'yan ƙananan sana'o'i waɗanda hutunsu bai wuce Lahadi ba. Saboda haka suka saba da tafiyar sa'a arba'in: a tashi da yammacin Asabar, a kwana ana tafiya ko a ɗan runtsa kaɗan, a komo kafin aikin Litinin. Shawarwarin da ya tattara musu guda bakwai ne, kuma duk daga hanya aka koyo su. Ya hore su da su ci abinci kaɗan-kaɗan tun yunwa ba ta kama su ba, haka ma ruwa, su taƙaita hutu kada jiki ya mutu, su ƙara tufa ko su rage tun jiki bai nema ba. Ya hana barasa da taba da nama a kan hanya, domin shi kansa ya bar cin nama. Ya gargaɗe su game da sa'o'in farko, lokacin da mutum yake jin ƙarfi ya cika shi, ya kuma ce kada a taka feda don a burge wani. Bahaushe da ya ce sannu ba ta hana zuwa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Tafiyar da ya fi so ita ce ta bikin Ista, daga Saint-Étienne zuwa ƙasar haihuwarsa Provence, nisan da ya haura kilomita 200. A kan mashigi sau da yawa akwai sauran ƙanƙara a gindin itatuwa. Daga nan hanya ta gangara ta Bourg-Argental da Annonay zuwa kwarin kogin Rhône, inda gonakin inabi suke hawa gefen duwatsu mataki-mataki. In iskar arewa mai sanyi da suke kira mistral ta taso, sai ta riƙa tura su kudu ta Valence da Orange har Avignon, inda ake noman zaitun, rana kuma ta buɗe. A komowa iskar nan a fuska take, kuma nan ne ƙaramar giya take biyan kuɗinta ko babu tudu. Cikin wuni ɗaya mutum ya bar hunturu ya shiga bazara da ƙarfin ƙafarsa, ya ji harshen ƙauyawa yana sauyawa daga kwari zuwa kwari, domin a lokacin mutanen karkarar kudu da yawa da harshen Oksitan suke magana a gida.

Akwai abin suka a nan, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mutumin da ya yi sa'a arba'in bisa sirdi, rabinsu cikin duhu, me ya gani na ƙasar da ya ratsa? Wanda ya ƙi tseren wasu ya ƙirƙiro wani tsere da agogo. Tsananinsa game da abinci ma ya kori wasu. Amma duk wanda ya tuna cewa mutanen nan ba su da hutun shekara, zai gane cewa zaɓinsu tsakanin tafiyar dare ne da zaman gida.

Bayan Vélocio

A 1922 abokansa suka fara taron shekara-shekara na hawan Col de la République don girmama shi, shi ma yana hawa tare da su duk da ya kusa saba'in. A 1923 ƙungiyoyin masu yawon keke suka haɗu suka kafa tarayyarsu ta ƙasa. A ƙarshen Fabrairu 1930, yana tura kekensa a titin Saint-Étienne, jirgin cikin gari mai bin dogo ya buge shi, raunin ya zama ajalinsa yana da shekara 76. Jirgin nan ya fara aiki a birnin ne a 1881, shekarar da ya sayi kekensa na farko. An binne shi a maƙabartar Loyasse a Lyon, aka kuma gina masa dutsen tunawa a kan mashigin.

Bai ga ƙarshen gardamar ba. A 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa hutun mako biyu da albashi, hanyoyin karkara suka cika da ma'aikata da matansu bisa kekuna, wasu a kan mai sirdi biyu, da tanti ɗaure a baya. A wannan shekara rashin lafiya ta sa Desgrange ya miƙa ragamar Tour ga Jacques Goddet, kuma a 1937 aka yarda kowane ɗan tsere ya yi amfani da na'urar sauya giya. Roger Lapébie ne ya ci tseren. Mujallar Le Cycliste ta ci gaba da fitowa har farkon shekarun 1970.

A 1947 ƙungiyar Audax Club Parisien ta kafa wata tafiya ta lokacin Ista mai suna Flèche Vélocio, wadda har yanzu ake yi. Ayari yakan ƙunshi keke uku zuwa biyar, kowane ayari ya zaɓi wurin tashinsa da hanyarsa, duka su nufi mahaɗa ɗaya a Provence. Sharaɗin shi ne a yi aƙalla kilomita 360 cikin sa'a 24, kuma kada a tsaya wuri ɗaya fiye da sa'a biyu.